Tabarau ɗin da na auna a gida: milimita 4 sun bar ni da ciwon wuya

Ni tela ce, na fi shekara 20 a kan keke, don haka awo ba baƙona ba ne. Da wani mai sayar da tabarau a intanet ya ce sai na turo masa tsayin da za a zaunar da gilashin, ko gezau ban yi ba. Na ce wadda take yanka leshin amare ba ta ɓata ba, ai rula ba za ta gagare ta ba.

Tun da na haura 45 kafar allura ta fara yi min wasan ɓuya. A asibiti suka rubuta min takarda, ƙarin na kusa +2.00, suka ce in nemi irin wanda ake kira furogiresib: sama na hangen nesa, tsakiya na abin da ke gabanka kamar nisan hannu, ƙasa na karatu, kuma babu layin nan da ke raba gilashi biyu irin na su Baba. Kuɗinsa a shago kun san shi, ba sai na faɗa ba. Shi ya kai ni intanet.

Sun fara aiko min da firam ɗin da gilashin gwaji a jiki, da ɗan bidiyo. Wai ki saka, ki kalli gaba, wani ya ɗiga miki alama da maka a kan gilashin daidai tsakiyar baƙin idonki, sannan a auna daga ɗigon zuwa ƙasan gilashin, kowane ido da nasa. Shi ke nan bayanin, ko minti ɗaya bai cika ba. Na kira autata, 'yar aji biyu a sakandare wadda ko kafaɗata ba ta kai ba. Muka tsaya a tsakar gida bayan la'asar. Ta ce, "Umma, ki tsaya da kyau mana." Ni kuwa na miƙe, na ɗaga haɓa kamar za a ɗauke ni hoton fasfo. Ta yi ɗage ta ɗiga. Na ɗauko rular makarantarta, milimita 18 dama, 18 hagu. Har daɗi na ji da suka zo ɗaya.

Bayan sati biyu na je tasha na karɓo. Gaskiya gilashin ya yi kyau, ba nauyi, nesa kuwa tar, har lambar Keke Napep nake karantawa daga bakin layinmu. A ranar sai da na turo musu saƙon godiya da addu'a.

Washegari na zauna a kan keke. Na sunkuya zan zura zare, allura ta zama biyu. Sai da na ɗaga kai sama, ina leƙe ta can gindin gilashin kamar kaza tana shan ruwa, sannan kafar ta fito. Haka na yi kwana goma. Karatun Alƙur'ani da asuba ma sai na ɗago shi zuwa ƙirji na karkatar da kai baya. Wuyana ya riƙe, ƙeya tana sara. Na yi musu magana, suka ce, "Hajiya, sabo ne, ki ƙara haƙuri, kowa haka yake farawa." Na san ana ɗaukar kwanaki kafin ido ya saba da irinsa, amma sabo ba ya matsar da gilashi daga inda aka yanka shi.

Na gaji na kai wa mai haɗa tabarau a asibitin da aka gwada ni. Ya ɗaga shi a haske, ya nuna min wasu 'yan alamomi biyu da aka zana a jikin kowane gilashi, waɗanda ban taɓa lura da su ba. Da su ya gano inda aka sa tsakiyar. Ya zaunar da ni, ya daidaita kujerarsa har idonsa ya yi daidai da nawa, ya yi ta jana da hira sai da na saki jiki, sannan ya ɗiga. 22 dama, 21 hagu. Ya ce wanda ya fi ki gajarta in ya ɗiga daga ƙasa, ɗigon ƙasa zai sauka, ɗaga haɓar da na yi kuma ta ƙara saukar da shi. Ga shi ba a gyara zaman firam ɗin a hancina ba kafin awo. Wurin karatun gaba ɗaya ya gangara.

To, laifina ne, na yarda. Amma ina a bidiyon nan aka ce mai ɗigawa ya zama tsayinku ɗaya, ko ku zauna ido da ido? Ina aka ce a maimaita sau biyu ko uku? Ni ko awon siket zan karɓa ta waya sai na tambayi inda aka ɗora tef. Su ko hoton ɗigon ba su nema ba. Da na nemi a sake min, amsar ita ce, "Ai ke kika turo lambar." Rangwame kaɗan suka yi min tayi, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina, alhali na farko ma ni na biya.

Allah Ya saka wa bawan Allan nan na asibiti. Ya matse 'yan maƙalan hancin, firam ɗin ya ɗan hau, ya ce abin da ya samo bai wuce milimita 2 ba. Karatu ya yi sauƙi, waya ma ina gani ba tare da ɗage ba. Zuwa kasuwa da biki shi nake sakawa, kuma ana yabawa. Ɗinki ne dai har yanzu a'a. Tsohon na karatun da na saya a bakin kasuwa, mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, shi ne a kan keke.