Sharhi Kan Fakitin Irin Furen Ipomoea Mai Hawa Danga

Na sayi wannan fakiti a wajen masu sayar da shuke-shuke, kuma irin da ke ciki ya gamsar da ni, domin ƙwayoyinsa baƙaƙe ne, cikakku, babu wanda ƙwaro ya huda. Wannan shuka, Ipomoea tricolor, asalinta daga Meziko ne, kuma 'yar'uwar dankalin Hausa ce.

Abin da ya rage wa fakitin daraja shi ne rashin bayani game da taurin ɓawon irin, wanda ke hana ruwa shiga cikinsa. Wajibi ne a ɗan goge gefen kowace ƙwaya da takardar yashi har sai fari ya fara bayyana, sannan a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi ta kwana, washegari za a tarar ta kumbura. Irin da aka yi wa haka yakan tsiro cikin mako guda, wanda kuwa aka shuka kai tsaye sai ya daɗe a ƙasa. Gara a shuka shi gindin dangar da zai hau, tunda saiwarsa ba ta son dashe.

Furen shuɗi ne, yana buɗewa da sassafe ya rufe da rana. Ya kamata masu sayarwa su rubuta gargaɗi cewa irin yana da guba, saboda yara.