Gargaɗi ga masu gida a Teksas: mai gyaran rufi ya gudu min da dala 11,000

Salam 'yan uwa. Sati uku kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya da daddare ruwa ya sake sauka, ƙarfe biyu na dare ina jera bokiti a ɗakin yara, nace wallahi yau sai na faɗa ko me za a ce. Dala 11,000 aka cuce ni. Dala dubu goma sha ɗaya, a cikin gidana, a kan teburin da muke cin abinci, kuma da hannuna na miƙa.

Duk wanda ke zaune a yankin Dalas ya san ƙanƙarar da ake yi mana daga Maris zuwa Yuni, ba irin ta gida ba ce da yara ke fita su tsinta a kwano suna tsotsa. Ta watan Mayun nan da ta sauka a unguwarmu ta kai ƙwan kaza, ta lotsa indararo, ta fasa murfin bututun iska na saman ɗakin yara, motar maman yara kuwa kamar an bi ta da guduma. Maƙwabcina yace wannan wasa ce kan wadda aka yi a garin Wylie da ke kusa da Dalas a 2016, ni dai ban taɓa ganin irinta ba. Ko kwana biyu ba a yi ba sai ga motocin a-kori-kura sun cika layi, kowace da tsani a sama, ana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum huɗu na kora. Ina so a riƙe wannan, mutum huɗu na kora kafin shi, don kar wani ya zo ya ce min ai kai ne mai saurin yarda.

Shi na biyar ɗin da ya zo bai ce zai sayar min da komai ba. Cewa yayi yana aiki ne a bayan layinmu, ya hango murfin nan a fashe, in na yarda zai hau ya rufe min da tamfol kyauta kafin ruwa ya sake zuwa. Ya hau, ya rufe, ya sauko ya nuna min hotuna a wayarsa, ya zagaye kowane tabo da alli. Da na ce ya shigo ya sha ruwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga takalmanmu a jere, sai ya durƙusa ya kwance igiyar manyan takalmansa na aiki ya ajiye su kusa da na ɗana, ba wanda ya ce masa ya cire. Wallahi wannan cire takalmin shi ya gama da ni. Shekara goma sha biyu ina ƙasar nan, masu gyaran famfo da masu gyaran AC sun sha taka min kafet da ƙasa, wannan kuwa ya cire da kansa, a raina nace ɗan mutunci ne, ya samu tarbiyya. Har yanzu in na rufe ido takalman nan nake gani.

Kuma ba wai ban bincika ba. Na tambaye shi lasisi, ya ce jihar Teksas ba ta ba masu aikin rufi lasisi, na shiga intanet na duba na ga gaskiya ya faɗa, sai hankalina ya ƙara kwanciya tunda bai yi min ƙarya ba. Na duba Google taurari biyar. Na duba sunan kamfanin na ga yana da rajista. Abin da ban lura da shi ba, kuma ku gaya min tsakani da Allah mutum nawa ne za su lura, rajistar wata biyu kacal da yin ta, adireshin kuma akwatin wasiƙa ne a wani shagon aika kaya. Wannan sai a watan Agusta na gano, da na tuƙa minti arba'in na je wurin na tsaya ina kallon akwati mai lamba.

Bari in koma baya. Ranar da ajastan inshora, wato mai kimanta ɓarnar da aka yi, ya zo, mutumin nan ya riga shi isowa, tare suka hau, suka zana murabba'i ƙafa goma-goma a kowane gefen rufin suna ƙirga tabo. Inshora ta amince a sauya rufin gaba ɗaya, kuɗin aiki dala 21,800. Daga ciki suka cire didoktibul, wato kason da mai gida ke biya daga aljihunsa, nawa kashi 2 cikin ɗari ne na dala 320,000 da aka yi wa gidan inshora, dala 6,400 kenan. Suka kuma riƙe dala 5,600 ta tsufan rufi, wadda sai an gama aiki an tura musu takarda suke saki. Cak na farko ya fito dala 9,800, da sunana da na bankin da ya ba ni bashin gida, sai da na yi kusan sati biyu ina bin su kafin su sa hannu. Duk tsawon lokacin nan kullum sai ya kira, wai yana tambayar lafiyar yara.

Maganar 6,400 ɗin nan ce ta fi ci min rai. Tun ranar farko, a'a rana ta biyu ce da ya dawo da takardu, ya ce kar in damu da didoktibul, kamfaninsu zai shanye, abin da suke so kawai su kafa allon tallansu a gaban gidana. Ni ga kuɗin makarantar yara, ga na gida da nake turawa duk wata, wa zai ce a'a? Ban san cewa tun 1 ga Satumba 2019 doka ta hana hakan a Teksas ba, laifi ne ɗan kwangila ya yafe maka didoktibul, kuma kamfanin inshora na da ikon neman shaidar cewa ka biya kafin ya saki ragowar kuɗin. Da na sani da tun nan na gane irin mutumin da ke zaune a falona. Ban sani ba, kuma na tambayi 'yan uwa uku a masallaci bayan abin ya faru, duk masu gida ne, ba ko ɗaya da ya sani.

Ranar Alhamis da yamma ya zo karɓar kuɗin, wai za a yi odar kaya kafin farashi ya tashi. Maman yara ta kira ni kicin ta ce, Abban yara, ka bari su sauke kaya a ƙofar gida tukuna mana, ko ka ba shi rabi. Nace mata haba, mutumin da ya hau mana rufi kyauta, ya tsaya mana gaban inshora? Na dawo na miƙa masa cak na banki dala 9,800. Ya sa hannu biyu ya karɓa. Yana shirin tashi sai ya ce af, in na ƙara dala 1,200 zai sa min shingul, wato fallayen da ake jerawa a saman rufi, mai lamba 4, irin wanda ke jure ƙanƙara, inshora ma za ta rage min kuɗin shekara. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, ana samun ragin, shi ya sa nake cewa mutumin nan da gaskiya yake naɗe ƙaryarsa. Na tura ta Zelle, manhajar tura kuɗi daga banki zuwa banki, yana tsaye a kaina. 9,800 da 1,200, dala 11,000 cikin minti goma, shayin da aka zuba masa ko hucewa bai yi ba.

Daga nan sai Litinin mai zuwa, sai ruwa ya hana, sai ma'aikatansa na gama wani gida, sai babarsa na asibiti, har addu'a na yi mata. Ƙarshen Yuli lamba ta daina shiga. Allon da ya kafa a gaban gidana har yau yana gareji. Ina da sikirinshot na duk saƙonninmu, da rasit ɗin cak, da hoton motarsa daga kyamarar ƙofa, lambar wata jiha ce a jiki, zan ɗora su da zarar wanda ke duba min takardun ya ce ba matsala. Mu uku ne a unguwar, akwai wata dattijuwa da ta ba shi fiye da nawa.

Na je wajen 'yan sanda, suka rubuta rahoto amma suka ce tunda akwai kwantiragi abin ya fi kama da shari'ar kuɗi. Kotun ƙananan ƙararraki a Teksas tana karɓar har dala 20,000, to amma wa zan kai wa sammaci, akwatin wasiƙa? Na shigar da koke ofishin babban lauyan jiha, ina jira. Banki suka ce kuɗin Zelle ni na tura da kaina.

Mai aikin rufin da na samu daga baya wani dattijo ne ɗan garin, sama da shekara ashirin yana sana'ar, shagonsa da yadin kayansa na je na gani da idona. Da ya hau ya sauko ransa a ɓace yake kamar shi aka cuta. Ya ce tamfol ɗin kyautar nan ƙusoshi aka buga masa kai tsaye cikin shingul, iska ta yage shi, yanzu ta ramukan ƙusar ruwa ke shiga, ga silin ɗin ɗakin yara ya yi taswira ya fara kumbura. Ya ce su masu bin hadari ake ce musu, taswirar inda ƙanƙara ta sauka suke saya, daga Teksas su wuce Okalahoma su wuce Kolorado, kafin rufin da suka yi ya fara yoyo sun canja suna. Shi kuma kullum a tsakiya yake. In ya gaya wa mai gida dole ya biya didoktibul, sai a ce ai na jiya ya ce zai yafe, a ba wancan aikin. Ta ɓangaren inshora kuma farashin da Xactimate, manhajar da suke lissafa kuɗin gyara da ita, ke fitarwa wani lokaci baya kai abin da yake sayen kaya, sai ya tura buƙatar ƙari da hotuna ya zauna jira makonni, ma'aikatansa kuwa duk Juma'a sai ya biya su. Doka kuma ta hana shi yin ciniki da inshora a madadina tunda shi zai yi aikin, wannan hurumin ajasta mai lasisi ne ko lauya. Nan gabana ya faɗi, don wancan cewa ya yi in bar masa komai shi zai yi magana da su, ni kuma na ji daɗi har na gode masa.

Yanzu lissafin da ke gabana, aikin dai 21,800 ne bai canja ba. Inshora ta riga ta biya 9,800, ba za ta sake biya ba. Sai na nemo wata 9,800 ɗin, na haɗa da 6,400 da aka ce min ba zan biya ba, a gama aikin kafin wa'adin da ke cikin takardar inshorata ya cika, sannan su saki 5,600. Ita 1,200 ba a ma maganarta. Maman yara ba ta taɓa ce min ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Wani ɗan uwa da na ba labari ya ce kai da ka yi boko? Me boko ya haɗa da wannan, na kori huɗu, na duba rajista, na duba maganar lasisi, na karanta kwantiragin shafi biyu, me kuma ya rage?

Ku dai kar ku ba kowa sisi sai kaya sun sauka a ƙofarku. Wanda ya ce zai yafe didoktibul ku rufe ƙofa. Ku je shagonsa da ƙafarku, ku duba ranar rajista da lambar mota. In kun riga kun sa hannu a gida, doka ta ba ku kwana uku na aiki ku soke.

Wanda wannan mutumin ya shiga gidansa a yankin Dalas, dogo ne, farar mota, yana cire takalmi a bakin ƙofa, don Allah ya yi min magana ta inbox, muna haɗa takardunmu wuri ɗaya ne ni da dattijuwar nan. Dala 11,000 ce, ban yafe ba, Allah ya isa. An ce ranar Laraba akwai wani ruwan, gobe da asuba dattijon zai zo ya sake rufe wurin.