Da RTX 3060, ɗauki mai 165Hz ka bar 4K ɗin

Ɗan'uwa, cikin monita biyun da aka yi maka tayi, mai inci 24 na 1080p da 165Hz da kuma mai inci 28 na 4K da 60Hz, ka ɗauki na farkon. Hz ɗin nan shi ne sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa guda. Katin hotonka RTX 3060 ne, irin nawa sak, kuma duka biyun na zauna a gabansu da kuɗina.

4K ɗin na fara saya. A shago an kunna bidiyon tsuntsaye a kai, kana iya ƙirga gashin fiffike, nan take na biya. Da na kai gida na kunna wasan Warzone, sai fankokin katin suka hau kururuwa, ga zafin watan Afrilu, hoton kuma yana tafiya yana cijewa. Sai da na zubar da saitin wasan ƙasa kafin ya lallaɓa ya kusanci hotuna 60 a daƙiƙa. Wata huɗu na jure, na sayar da shi da faɗuwa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne monita nunawa kawai yake yi, kati ne ke zana kowane ɗigo. Allon 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K kuwa 3840 ne da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu cur. Kati ɗaya ne zai ɗauki wannan kaya sau sittin a kowace daƙiƙa. Kada 12GB na ma'ajiya da ke rubuce a kwalin 3060 ya ruɗe ka, girman rumbu daban, ƙarfin mai noma daban. Tun da Nvidia ta fito da shi a 2021, a 1080p yake sakewa ya yi gudu. DLSS, dabarar Nvidia ta zana ƙaramin hoto sannan a faɗaɗa shi, yana rage masa nauyi a wasannin da suka yarda da shi, amma ko ya taimaka, allon 60Hz ba zai taɓa nuna maka fiye da hotuna 60 ba.

Mai inci 24 ɗin kuwa shekararsa ta uku ke nan a teburina. Ba na manta daren da na saita shi. Ko wasa ban buɗe ba, maus kawai na ja a kan allo, na ga kibiyar tana sulalewa kamar an shafa mata mai. Ƙanina da ke buga Valorant ya karɓi kujerar, bayan zagaye biyu ya juyo ya ce, "Yaya, yanzu ina ganin mutum tun yana leƙowa." Gaskiya ya faɗa. A 60Hz hoto yana sabuntuwa bayan kowane milisakan 16.7, a 165Hz kuwa kusan 6 ne. A takarda kamar ba komai ba, amma hannu da ido suna ji, musamman in ka juya da sauri ko kana bin wanda ke gudu. Wasannin harbi marasa nauyi irin Valorant da CS2, katinka zai ciyar da allon nan har ya ƙoshi. Masu nauyin kuma za ka buga su da saiti mai kyau, ba tare da ka kashe inuwa da haske ba.

Hakkin 4K ɗin dai, yana da kyau wajen gyaran hoto da kallon fim. Iyakarsa ke nan a kan wannan kati. In kuɗinka ya ƙaru, gara mai inci 27 na 1440p da 144Hz, ɗigo miliyan 3.7, 3060 yana iya jan sa in ka ɗan sassauta saiti.

In ka kawo shi gida, haɗa da wayar DisplayPort, kuma a jikin katin za ka soka ta, ba a ramin da ke sama kusa da na USB ba. Monita da yawa ramin HDMI ɗinsu ba ya kai cikakken gudun allon. Sannan ka shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka zaɓi 165Hz da hannunka, domin sau da yawa Windows a 60 yake barinsa. Na san waɗanda suka yi watanni a haka ba su sani ba. In an rubuta FreeSync a jikinsa, wato dabarar daidaita gudun allo da na kati, kada ka ce na katunan kamfanin AMD ne kaɗai. Tun 2019 Nvidia ta buɗe wa katunanta hanyar aiki da irinsu ta DisplayPort, sai ka kunna G-Sync, wato irin wannan dabara ta Nvidia, a Nvidia Control Panel, tsagewar hoto ta ragu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman in na hannu ne. Akwai masu manna takardar "Gaming" a monitan ofis mai 75Hz, akwai masu kawo ƙaramar talabijin su rantse maka 120Hz ce. Kada ka yarda da kwali. Juya bayan monitan ka karanta lambar samfurinsa, ka bincika ta a wayarka a gabansu. Ka sa a haɗa shi da kwamfuta ka ga 165Hz ya fito a saiti da idonka. Ka cika allon da fari, da baƙi, da ja, ka matso kusa ka nemi mataccen ɗigo ko hasken da ke tsiyaya ta gefe. Wanda ya ce babu wuta ko ba a buɗe kwali sai an biya, ka wuce shago na gaba. In kun daidaita, a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da shi na mayarwa, kuma ka tabbatar wayar DisplayPort tana cikin kwalin kafin ka fito.