Fatin yara a gida: na katun ko na ƙauyawa, wanne za ki ɗauka?

Assalamu alaikum. 'Yar uwar da ta yi tambaya a kan 'yarta da za ta cika shekara 7, kin ce a gida kike so ki yi mata ɗan fati, yara kamar 20 da ƙawayenki iyayensu, kuma kin rasa wanne za ki ɗauka tsakanin salon katun, wato komai kalar katun ɗin da take so tun daga kek har balan-balan, da kuma irin shigar ƙauyawa da ake yi a biki. To ni dai duka biyun na yi su a tsakar gidana a nan Kano, ɗaya wa ɗana ɗaya wa ƙanwarsa, bari in faɗa miki yadda na gansu.

Na katun shi ya fi sauƙin haɗawa, wannan ba musu. Kina shiga kasuwar Sabon Gari za ki samu balan-balan da faranti da kofuna na yarwa da hulunan takarda, ki biya ta Singa ki ɗauko alewa da biskit da lemon kwali a sari, ki ba mai kek hoto ta yi miki, shikenan kin gama rabin aiki a yini ɗaya. Kuma yana kyau a hoto sosai, yaro in ya shigo ya ga abin da yake kallo kullum a talabijin ya cika masa bango, wannan ihun murnar da zai yi wallahi yana shiga rai. Ɗana sai da ya tsaya cak a ƙofar falo ya riƙe baki kafin ya ruga.

Amma fa abin da ba a faɗa miki shi ne kayan nan ba a yi su don zafinmu ba. Nawa a watan Afrilu na yi, kin san Kano a wannan lokacin zafi na kaiwa digiri 40 har ya ɗara, mun ɗaure balan-balan a bakin kanofi tun azahar don mu huta, kafin la'asar sai ji kake fas fas suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, wanda rana ta doka kai tsaye ko awa biyu bai yi ba. Kek ɗin kuma na bota ne aka yi masa ado da shi, aka ɗauke wuta, firji ya huce, lokacin da muka fito da shi fuskar katun ɗin ta fara zamewa gefe guda. In dai da zafi za ki yi, ki ce a yi miki da fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake lulluɓe kek da shi, ya fi jure zafi, kuma kar a fito da shi sai lokacin yankawa. Sannan maganar balan-balan ba ta kyau kawai ba ce, gutsuren wanda ya fashe yana shaƙe yaro in ya sa a baki, har a jikin ledarsu ana rubuta gargaɗi a kan yara 'yan ƙasa da shekara 8, kin ga kuwa baƙinki duk 'yan wannan shekarun ne da ƙannensu masu rarrafe, dole a samu babba ɗaya da aikinta kawai tsince su.

Babbar matsalarsa a wurina ma ba wannan ba ce. Salon katun ado ne, ba wasa ba ne. An shigo an gani, an yi hoto, an yanka kek, minti talatin an gama, to sai me? Yara ashirin sun sha zaƙi ba abin yi, sai guje-guje, wannan ya shige ɗaki ya hau gado, wancan ya buɗe famfo, iyaye kuma suna falo kowa da wayarta tana jiran a raba leda a tafi. Sai dai in za ki ƙara kuɗi ki ɗauko mai sa su wasa ko ki yi hayar gidan tsallen nan na iska, shi kuma sai da janareta yana hura shi har a tashi, ga shi yana cin fili.

Na ƙauyawa kuwa aikinsa ya fi yawa, ba zan ɓoye miki ba, sati guda na yi ina shiri. Kayan adon a kasuwar Kurmi na haɗa su, tsohuwar kasuwar nan ta cikin birni da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can za ki samu ƙwarya da ludayi da faifai da akushi da mafici da tabarmar kaba. Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na jera faya-fayai masu kala a bango, na aro turmi da taɓarya da tulu a wajen surukata, na ajiye fitilar ƙwai biyu ba tare da na kunna ba. Ado ya ƙare. Rana ba ta fasa ko ɗaya ba, kuma yau shekara biyu ke nan fayafayan suna kicin ɗina ina rufe abinci da su, ƙoren ma har an are su an yi kamu da su. Abu ɗaya dai, sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, sai kin kankare cikinta kin jiƙa ta kwana biyu ko uku kina sauya ruwa kafin ki zuba fura a ciki, in ba haka ba yaro na kurɓa zai tofar.

Kayan sawa kar ki ɗora wa iyaye nauyi. Ni cewa na yi kowace yarinya ta zo da ɗaurin zani da ɗankwali, tsohuwar atamfar uwarta ma ta isa, maza kuma 'yar shara da hula. Mai bazday kaɗai na ɗinka wa na saƙi irin na Fulani da tsakiya a wuya da hannu. In kika ce sai anko daga Kwari, wata mai 'ya'ya uku za ta ji nauyi ta ƙi zuwa, alhali da katun ma haka ne, rigar gimbiyar nan ba kowa ke iya saya wa 'yarsa don yini ɗaya ba.

Inda na ƙauyawa ya yi wa ɗayan nisa shi ne wasan yana cikinsa, ba sai kin sayo ba. Na zana 'yar gala-gala da alli a siminti, maza suka koma gefe suna langa, mata aka yi da'ira za a yi gaɗa. Da farko yaran tsaye suka yi suna kallon juna don yawancinsu ba su iya ba, sai wata ƙawata ta ajiye jaka ta cire takalmi ta shiga tsakiya ta fara tafi tana ba da waƙa, kafin ki ce me iyaye biyar sun miƙe, wadda ta faɗo a cafe ta a ɗaga, yara suna dariya suna cewa Mama dama kin iya? Har yanzu in na tuna sai in ji daɗi ya rufe ni. Kin ce har da ƙawayenki za su zo, to a nan su ma suna da abin yi, ba zaman jiran yara kawai ba. Da rana ta yi sanyi surukata ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa ta zo mu ji ta, ta yi musu ta Gizo da Ƙoƙi, yara ashirin shiru kamar ruwa ya cinye su har ta kai ƙurunƙus. Carafke ne kawai na hana saboda ƙananan duwatsu da masu rarrafe.

Abinci kuma a nan sai kin yi hankali da kowanne. Na katun an saba, jalof da kaza da cincin da lemo, ba yaron da zai ƙi. Na ƙauyawa ni na zaƙe na yi dambu da ɗanwake da waina, manya suka cinye dambu tas, yara kuwa da yawa ko taɓawa ba su yi ba, waina da sukari da ɗanwake suka fi ci. Don haka ki dafa 'yar shinkafa ko taliya ki ajiye a gefe. Kayan zaƙi dai ba ki da matsala, alawar madara, gullisuwa, iloka, kantun riɗi, carbin malam, hanjin ligidi, ki zuba a ƙananan ƙore ki ga yadda za su yi wawa. Alkaki da dubulan da nakiya na iyaye ne. Zoɓo yana jure zama, kunun aya kuwa in ba ƙanƙara a kula nan da 'yan awanni ya yi tsami, ki yi shi a ranar kuma ya zauna cikin sanyi. Ki tambayi iyaye tun kafin ranar ko akwai yaron da gyaɗa ko madara ba ta karɓe shi ba, don kayan gargajiyarmu da yawa da su ake yi. Suyar waina kuma a gama ta kafin yara su iso, kar a kafa tanda da mai mai zafi a inda ake guje-guje don a ce ya yi kama da ƙauye.

Lalle ma in za ki kawo mai zane, ki ce jan lalle kawai za ta yi musu. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu, ya yi ƙuraje har ya bar tabo, fatar yaro kuma ba ta kai ta babba ƙwari ba.

To in ni ce ke, da shekara 7 da yara 20 da iyayensu, na ƙauyawa zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Da 'yar shekara 2 ko 3 ce da sai in ce ki yi na katun kawai, don ba ta kai gaɗa ko zaman tatsuniya ba, kala da kek su ne nata. Amma ki zauna da yarinyar ki tambaye ta tukuna, ranarta ce, in ta riga ta ƙwallafa rai a kan katun ɗinta kar ki hana ta gaba ɗaya, ki yi mata kek ɗin da shi ki ɗora a kan faifai a tsakiyar tabarma, sauran komai na ƙauyawa. Tawa haka na yi mata kuma ba wanda ya ce bai dace ba.

Ki sa lokaci daga bayan la'asar, ƙarfe 4 zuwa kafin magariba, ki rubuta lokacin tashi a gayyatar don iyaye su sani. Ki rufe ɗakunan da ba kya so a shiga, ki bar banɗaki ɗaya da buta da sabulu a kusa. Ledar rabo kuma ki ƙara kamar goma a kan lissafinki, yaran maƙwabta suna jin tafi za su leƙo, kuma bai kamata su koma hannu rabbana ba. Allah ya raya mana ita, ya sa albarka.