Kayan gyaran dagin kare: almakashin ya gamsar, abin yanke farcen bai kai ba

Wata uku ke nan ina amfani da wani ƙunshin kayan gyaran ƙafa ga karena, ɗan jinsin wire fox terrier, wanda asalinsa daga Ingila yake, inda aka riƙa kiwonsa domin ya kutsa rami ya koro yanyawa. A cikin ƙunshin akwai almakashi mai dunƙulen baki, da abin yanke farce, da ƙaramin mataji na ƙarfe.

Almakashin ne ya fi gamsar da ni. Abin da ake so ga wannan jinsi shi ne dagi ya kasance a dunƙule kamar na kyanwa, yatsu a haɗe, amma gashin da ke tsirowa tsakanin tsokokin tafin ƙafa yakan yi tsawo ya cukurkuɗe, ya riƙe laka da tsakuwa, har kare ya riƙa santsi a kan daɓe. Da yake bakin almakashin ba shi da tsini, nakan ɗaga ƙafar, in buɗa yatsun da babban yatsana, in rage gashin daidai da tafin, ba tare da fargabar soke fatar ba ko da karen ya fizge, kuma fizga halinsa ce. Dagi kaɗai nake taɓawa da shi, domin gashin jikin wannan kare tsigewa ake yi da hannu. Aski yana sa shi ya yi laushi, launinsa ya dushe.

Abin yanke farcen kuwa bai kai yadda na zata ba. Kafin wata biyu kaifinsa ya ragu, sai ya koma matse farce maimakon ya datse shi, har wani farce ya tsage a gefe. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin a cikin kowane farce akwai jijiyar jini, wadda ake hango ta ja-ja idan farcen fari ne, amma ba a ganinta a baƙin farce, dole sai an bi a hankali ana rage kaɗan-kaɗan. Na kuma yi mamakin rashin hodar tsayar da jini a ƙunshin, alhali kowa na iya yin kuskure.

Matajin yana warware gashin ƙafa yadda ya kamata. Wanda zai sayi ƙunshin ya saya saboda almakashin, ya nemi abin yanke farce mai ƙwari daban.