Harsashin .22 da na zaɓa wa uwargida bayan gwaje-gwaje a Hustan

Tun farko in faɗa, ni a Hustan nake zaune, jihar Tekzas, shi ya sa ma nake wannan magana. A gida Najeriya fistol da ribolba suna cikin makaman da doka ta haramta wa farar hula, don haka kar wani ya ce na tura shi. Nan kuwa tun Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da wani laifi a kansa zai iya ɗaukar bindigar hannu ko ba lasisi.

Aikin dare nake yi, uwargida da yara su kaɗai ke kwana. Na kai ta filin koyon harbi da bindigata mai cin harsashin 9mm, harbi uku ta yi ta ajiye ta ce wallahi abin nan zai karya mata wuyan hannu, ga shi dama tana fama da ciwon gaɓɓai. Daga ƙarshe dai muka tsaya a kan Ruger LCR mai cin .22 LR, ribolba ce ƴar ƙarama mai ɗaukar harsashi 8, ba ta naushin hannu ko kaɗan. To matsalar ita ce me za a zuba mata.

Shi .22 LR tsohon harsashi ne, tun 1887 ake yin sa, kuma asali na harbin zomo da kurege ne da koya wa yara saiti. Bambancinsa da manyan harsasai shi ne maganin da ke tayar da albarushin ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba, a cikin leɓen gefe aka shafa shi zagaye, in allurar bindiga ta sari gefen sai ya kama. In shafin bai zagaye ko'ina ba kuma allurar ta faɗa daidai inda babu, sai ka ji ƙyas kawai, shiru. Na gani da idona. Na sayi wani babban kwali mai araha irin wanda ake zubo su a warwatse, ba zan ambaci kamfanin ba, a zama ɗaya guda huɗu suka ƙi tashi, na ciro ɗaya ga tabon allura a gefensa ɓaro-ɓaro, na juya shi na mayar sai ga shi ya tashi. A filin wasa abin dariya ne, amma ka ɗauka ƙarfe uku na dare ne wani na taɓa ƙofar baya.

Daga nan na koma harsasan kamfanin CCI, na Lewiston a jihar Aidaho. Mini-Mag ɗinsu mai nauyin giren 40, wato giram biyu da rabi da ɗoriya, mun harba ya fi 300 babu ko ɗaya da ya yi gardama. Velocitor ma haka, shi ma giren 40 ne amma ya fi zafi, a kwali an rubuta yana gudun ƙafa 1,435 a daƙiƙa. Kar lambar nan ta ruɗe ka ɗan'uwa, da doguwar bindiga aka auna, a ƴar ribolba da bututunta bai kai inci 2 ba albarushin bai gama ƙonewa ba harsashin ya riga ya fita, saurin yana raguwa sosai.

Nan ne ma na canza tunani a kan harsashi mai ramin baki, wato wanda aka yi wa rami a tsininsa don ya buɗe in ya sami abu. Da ina ganin ai shi ne na kare kai tunda yana buɗewa kamar fure. Wani dattijon Bature da ke kula da filin, mai farin gemu har ƙirji, shi ya zaunar da ni ya ce a gajeren bututu yawanci ba ya samun saurin da zai buɗe, in ma ya buɗe to ɗan ƙarfin da yake da shi ya ƙare a nan, ba zai nutsa ba. Ma'aunin da FBI suka kafa bayan musayar wutar da aka yi a Mayami a 1986 shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren jeli da ake gwaji da shi, kuma ɗan .22 sai ya yi da gaske yake kai 12 ɗin.

Shi ya sa harsashin Punch na kamfanin Federal ya burge ni. A 2021 suka fito da na .22 LR, giren 29, bakinsa a shafe ba rami, an yi shi ne musamman saboda ƙananan bindigogi, kuma su da bututu mai inci 2 suka auna suka rubuta ƙafa 1,070 a daƙiƙa, ka ga aƙalla lambar ta shafi abin da ke hannunka. Ba a yi shi don ya buɗe ba, don ya nutsa aka yi shi. Ya fi Mini-Mag tsada, gaskiya, kuma ba kullum ake samun sa a shago ba, amma kwali huɗu na hamsin-hamsin da muka harba duk sun tashi, kuma daga nisan yadi 7 uwargida tana haɗa harbi takwas ɗin a wurin da bai wuce faɗin faranti ba. Har gori take min yanzu.

Na so in gwada .22 Magnum, wanda ya fi LR ƙarfi, akwai harsasan Speer Gold Dot da Hornady Critical Defense da aka yi don gajeren bututu, sai dai bindiga daban yake buƙata, ba ya shiga ta LR, ga ƙara mai toshe kunne da wuta a baki. Wani ya ara mana tasa, harbi biyu ta ce a'a.

Ribolba tana da wani amfani da ya kwantar min da hankali, in harsashi ya ƙi tashi sai kawai ka sake jan kunama ta juyo na gaba, ba sai ka tsaya kokawa da bindiga ba. Illarta kunamar na da ɗan tauri, saboda sai an sari leɓen kwanson da ƙarfi. Wanda kuma ke da fistol mai magazin, wato gidan harsasai da ake cusawa cikin marikinta, irin LCP II ko Taurus TX22, kar ya dogara da maganata, ya sayi kwali biyu-uku ya gwada a tasa, don su suna da zaɓen abinci, abin da wata ta haɗiye lafiya wata sai ya maƙale mata.

Sannan harsashin .22 yana da ɗan kakin mai a jikinsa, yana kwasar ƙura da zaren aljihu, kuma ba ya son danshi, Hustan kuwa danshi kamar Fatakwal. Duk bayan wata uku nake harbe na cikin bindigar in zuba sabbi. Yanzu haka Punch ne a ciki, Mini-Mag na atisaye, ita kuma bindigar tana cikin akwatin ƙarfe mai buɗewa da zanen yatsa a saman kabad, inda hannun autanmu ba ya kai ko ya taka kujera.