Maganin da ke narkewa a kan harshe

Yaya, ina gaisuwa. Yaya jikin Inna?

Tun ranar da kika faɗa mini a waya yadda kuka sha fama da ita kan ƙwayoyinta, ta haɗiya ta sarƙe, a sake ba ta ta amayar, abin yake tsaye a raina. Shi ya sa na zauna in rubuto miki wani abu da nake gani a wurin aikina a nan Ingila, inda nake kula da tsofaffi.

Akwai wata dattijuwa a hannuna da ake yi wa maganin ciwon daji. Duk ranar da ta dawo daga asibiti, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. To ki duba, maganin amai ƙwaya ne, sai da ruwa ake haɗiye shi, ruwan kuwa shi ne cikin ya ƙi karɓa. Sai likitanta ya rubuta mata Setofilm. Da na yage ledar na ɗauka babu komai a ciki. Ashe ɗan falle ne siriri, girmansa bai wuce kan sarki ba. Aka ɗora mata a harshe, kafin in gyara mata matashi ya narke, ta haɗiye da yawu. Ba kofi, ba cokali, ba lallashi. Wallahi Inna ce ta faɗo mini a rai nan take.

Sinadarin da ke ciki sunansa ondansetron, shi ne dai wanda ake samu a ƙwaya da allura, ana yin fallen mai miligiram 4 da mai 8. Jikin fallen kuma da wasu sinadarai masu narkewa a ruwa ake yin sa, a cuɗa maganin a ciki da ɗan zaƙi don kashe ɗaci, a shimfiɗa ya bushe, a yayyanka. Dabarar ma ba daga asibiti ta yi suna ba. A 2001 ne Listerine ta fito da irin wannan falle a Amurka don gyara warin baki, daga nan masu haɗa magani suka kama. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da fallen ondansetron, da kuma fallen Suboxone na masu ƙoƙarin rabuwa da miyagun ƙwayoyi. A 2018 aka ƙara da Sympazan, na wata irin farfaɗiya mai tsanani da ke farawa tun yarinta.

Amma kada ki ɗauka ya fi ƙwaya ƙarfi, ni ma da farko haka na zata. Wanda ake ɗorawa a kan harshe cikin mutum yake tafiya tare da yawu, aikinsa ɗaya da na ƙwaya. Sauƙin shan ne kawai ribarsa, kuma wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce. Akwai wani kashin daban da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ko a manna a cikin kumatu, kamar Suboxone ɗin. Shi ta fatar baki yake ratsawa ya shiga jini, bai bi ta hanji da hanta ba tukuna.

Fallen yana da nasa sharuɗɗa. Ba ya son danshi ko kaɗan, shi ya sa kowane falle yake cikin ledarsa shi kaɗai, kuma sai hannu ya bushe ƙarau ake taɓa shi, in ba haka ba ya manne a yatsa ya lalace. Sannan ba ya ɗaukar magani mai yawa. Farasitamol mai miligiram 500 ba zai shiga ɗan fallen nan ba. Ko a nan ma magunguna ƙalilan ne aka mayar haka, sauran duk ƙwayoyi ne irin waɗanda kika sani. Bambancin da na gani shi ne, a nan da zarar an lura tsoho yana sarƙewa, ana turo wanda zai duba haɗiyarsa, likita da mai haɗa magani su bi takardar maganinsa ɗaya bayan ɗaya, su nemi na ruwa, ko mai narkewa, ko na mannawa a fata. A gida mu ne muke ta dabarar niƙa ƙwaya da cokali.

Cokalin nan shi ya fi damuna, Yaya. Ba kowace ƙwaya ake niƙawa ba. Wasu an yi su ne su riƙa sakin magani a hankali yini guda, wasu magungunan hawan jini ma haka suke. In an niƙa, duk ƙarfin sai ya sauka lokaci ɗaya.

Ba zan iya aiko da Setofilm ba, sai da takardar likita ake bayarwa, kuma ba shi ne matsalar Inna ba. Don Allah ranar da za ku koma asibiti ki kwashi kwalayen maganinta duka, ki faɗa wa likita ƙarara cewa tana sarƙewa, ki tambaye shi wanne ake iya niƙawa, wanne kuma yake da na ruwa ko mai narkewa a baki. Ki ɗauko mini hoton kwalayen ma ki turo. Ki gaida Inna da kyau, zan kira ranar Lahadi in sha Allahu.